Su Wane Ne Ke Aikin Binciken Kufai?

A duk lokacin da aka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe aikin da suke so su yi, amsar ba ta wuce likita, lauya, injiniya ko soja. A wannan darasi za mu duba wani aiki da ba a cika ambata ba, wato binciken kufai da kayan tarihin da ke binne a ƙasa, musamman ɓangarensa da ya shafi hulɗa da jama'a.

Wa ke fara gani?

Yawancin manyan kayan tarihin Nijeriya ba masana ne suka fara ganinsu ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Wajen 1943 wani akawun ma'aikatar kuza ya sami wani kan a yankin Jama'a, ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. A Igbo-Ukwu, wani magidanci mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, a ƙarshen shekarun 1930, sai ya ci karo da kayan tagulla da suka haura shekara 1,000. A 1987 kuma wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya tarar da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka gano ya kai shekara 8,000.

Da waɗannan mutane sun yi shiru, ko sun sayar, da tarihin ya ɓace. Don haka aikin yana bukatar mutanen da jama'a suka sani, suka kuma amince su kai musu labari.

Hanyoyin da magabata suka bi

Kenneth Murray ya zo Nijeriya a 1927 a matsayin malamin zane. Ganin yadda sassaƙe-sassaƙen gargajiya ke lalacewa ya sa ya dage sai gwamnati ta kula da su. A 1943 aka ɗora shi kan aikin, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Legas a 1957.

Bernard Fagg ya karanta wannan ilimi a Kambirij, amma aikin mulki ya kawo shi Jos a 1939. Shi aka kai wa kan nan na gonar doya, ya lura yana kama da na Nok. Bai tsaya ga rubutu ba: ya riƙa zagaya ma'aikatun kuza yana roƙon leburori su ajiye duk abin da suka tono. A 1952 ya buɗe gidan tarihi na Jos domin kowa ya shiga ya gani.

Thurstan Shaw, wanda ya tone Igbo-Ukwu daga 1959, ya yi shekaru yana koyarwa a Kwalejin Achimota ta ƙasar Gana, kafin ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan. Ekpo Eyo kuwa shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci sashen kayan tarihi, a 1968. Ya yi tono a Ife da Owo, ya kuma jagoranci baje kolin kayan tarihin Nijeriya da aka fara a Amurka a 1980.

Mu lura: malamin zane, jami'in mulki, malamin makaranta. Ƙofofin shiga aikin suna da yawa.

Ayyukan da ke ciki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tono yakan cire ƙasa hawa-hawa da cokalin magini da buroshi, yana rubuta zurfin da aka sami kowane abu. Safiyo yakan auna wurin ya zana taswira. Mai zane da mai hoto sukan ɗauki siffar kayan. Masanin kimiyyar sinadarai yakan gwada gawayin da aka samu don sanin shekarunsa, wani kuma aikinsa hana katako da ƙarfe ruɓewa bayan sun sha iska. Akwai jami'in ilimi na gidan tarihi, mai karɓar ɗalibai da yi musu bayani. Akwai mai tattara labarin baka daga dattawa, wanda dole ya iya harshen mutanen wurin, ya san yadda ake gaida sarki da neman izinin mai gona.

Ana koyar da wannan fanni a jami'o'in Ibadan, Ahmadu Bello ta Zariya, Nsukka da Jos. Babbar mai ɗaukar ma'aikata ita ce Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ke nan ɗalibin tarihi, na labarin ƙasa, na kimiyya da na harsuna, kowa yana da gurbi.

Abin da ke cikin haɗari

A shekarun 1990 ɓarayin kayan tarihi sun tone wurare da yawa a ƙasar Nok, suka fitar da mutum-mutumin yumɓu zuwa Turai. Asarar ta fi kayan da aka sace. Idan aka fizge abu daga inda yake kwance, an raba shi da gawayi da tukwane da duwatsun da za su faɗi shekarunsa da amfaninsa, kuma ba a tona wuri sau biyu. Doka ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba da izini ba, amma doka ba ta kwana a gona. Mai gona ne ke kwana kusa da ita, kuma wanda zai fi saurara shi ne ɗansa da ya je makaranta.

Kammalawa

Ba a shiga wannan aiki don tara dukiya. Yana son haƙuri, riƙon amana da juriyar rana. Amma da yawa daga cikinmu mun fito daga garuruwan da ke da kufai a bayan gari, muna kuma jin harshen da baƙon masani ba ya ji. Ko ba mu zama masu tono ba, idan muka ga an tono wani abu, mu roƙi a bar shi a wurinsa, mu sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa.

Tambayoyi

1. Me ya sa bai kamata a ɗauke kayan tarihi daga inda aka same su ba?
2. Wane darasi da muke yi a aji zai taimaka a wannan aiki, kuma ta yaya?