Jan Hankali Ga Wanda Kwamfutarsa Ta Ƙi Tashi

Daga cikin matsalolin da ake kawo mana teburin gyara, babu wadda ta fi tayar wa mai kaya hankali, babu kuma wadda gaggawa ta fi yi wa illa, kamar kwamfutar hannu da za a kunna, fitilarta ta kama, fankarta ta juya, tambarin kamfani ya bayyana a allo, sannan ta tsaya nan cik, ko ta rubuto da Turanci cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Galibin masu zuwa da irin wannan, ɗalibi ne ko ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa, magana guda ce a bakinsu: "Injiniya, a taimaka a yi mata fomatin, a sa sabuwar windo, gobe ina da aiki." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne in bayyana wa jama'a, gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni a wannan sana'a, cewa wannan buƙata, in aka biya ta tun ba a san sababin ciwon ba, sau da yawa ita ce ke raba mutum da takardunsa rabuwa ta har abada.

Wajibi ne mai karatu ya fara sanin abin da ake magana a kai. A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, kuma a kansa ne ake rubuta kome, tun daga Windows da kanta har zuwa hoton sunan jariri da kundin digirin da aka shekara ana wahala a kansa. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1956, da faranti 50 masu faɗin inci 24 kowanne, waɗanda duka-duka haruffa wajen miliyan 5 suke ɗauka. Na yau kuwa, wanda ke cikin kwamfutar hannu, na inci 2.5 ne, amma asalin hikimar ba ta sake ba. Ya yi kama da faifan garmaho da allurarsa, sai dai shi farantinsa yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar kuma ba ta taɓa shi, tana shawagi ne a bisansa da tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, tana karanta rubutun da aka yi da maganaɗisu a cikin ƙananan gurabe masu ɗaukar bait 512 ko 4,096 kowane. Idan tsufa, ko zafi, ko faɗuwa daga kan gado alhali faifan yana juyawa, ya lalata waɗansu daga cikin guraben nan, kuma aka yi rashin dace lalacewar ta faɗa inda fayilolin tayar da Windows suke, to kwamfuta ba za ta tashi ba, ko da kuwa sauran ajiyar tana nan lafiya lau. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe: ƙin tashi ba ya nufin kaya sun tafi, amma yana iya nufin suna bakin tafiya.

Kafin a kai ga haka, galibi ciwon yakan yi sallama. Kwamfuta takan yi nauyi, ta daskare na ɗan lokaci sannan ta saki, fayil da aka buɗe jiya ya ƙi buɗuwa yau, shuɗin allo ya riƙa zuwa jefi-jefi, ko Windows ta shiga gyaran kanta tana fita tana komawa ba iyaka. Mutane sukan ɗora wa bairos laifin duk waɗannan, su yi ta haƙuri har ranar da abin zai tsaya.

Duk da haka, ba a yanke hukunci da zato, sai da hujja, domin akwai illoli masu sauƙi da ke zuwa da kamannin wannan babbar illa. Na farko, a cire duk wani filashi ko katin ajiya da ke jikin kwamfutar, don takan yi yunƙurin tashi daga gare su ta kasa. Sannan a shiga BIOS, wato shafin saitunan na'ura da ke buɗuwa kafin Windows, wanda a Dell ana shiga da F2, a HP da F10, a ThinkPad kuwa da F1, a duba ko sunan faifan ya bayyana, a kuma dubi kwanan wata. In aka tarar agogon ya koma shekarun baya, to ƙaramin batirin nan mai riƙe saituna ne ya mutu, saitunan tashi suka rikice, faifan kuwa mai yiwuwa ba shi da laifi. In sunan bai bayyana ba sam, wani lokaci jijjiga ce ta kwance shi daga mazauninsa, da an zare shi an mayar sai magana ta ƙare. Masu ƙera kwamfutocin sun kuma ajiye gwaji a cikinsu wanda ba ya buƙatar Windows: a HP ana danna Esc sannan F2, a Dell ana danna F12 a zaɓi gwajin. Lambar 3F0 da HP ke nunawa tana cewa ne kawai ba a ga abin tashi ba, ba ta bayyana dalili ba. Amma lambar 2000-0142 a Dell shaida ce cewa faifan ya faɗi gwajin da ya yi wa kansa. Kwamfutar da kuwa allonta bai nuna ko tambari ba, wannan wani babi ne daban, sai a nemi sababin a RAM ko a babban allon na'ura.

Idan shubuha ta rage, sai mu tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Ubuntu, madadin Windows, ba tare da an rubuta kome a kan faifan ba, mu karanta littafin lissafin da kowane faifai ke rubutawa game da lafiyarsa, wanda ake kira SMART. Lambobi uku nake fara dubawa: ta 5, mai ƙidaya guraben da suka lalace aka musanya su da na ajiya, ta 197, mai ƙidaya waɗanda suka ƙi karantuwa ake jiran hukunci a kansu, da ta 198, mai ƙidaya waɗanda aka kasa gyarawa. A 2007 injiniyoyin Google sun wallafa bincike a kan faifai fiye da 100,000, suka gano cewa faifan da aka sami kuskuren farko a samansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba ko kaɗan. Fahimtata a nan ita ce, idan SMART ya ce akwai ciwo, a gaskata shi nan take. Idan ya ce lafiya, kada a ɗauki wannan a matsayin yaƙini alhali kunne yana jin ƙara, ido kuma yana ganin daskarewa.

To, da zarar ya tabbata faifai ne, sai tsarin aiki ya juya gaba ɗaya, kuma a nan ne nake roƙon a tsaya a yi tunani. Malaman fiƙihu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo maslaha, kuma ban ga inda wannan ƙa'ida ta fi dacewa a sana'armu kamar nan ba, domin tayar da kwamfuta maslaha ce da za a iya samu gobe da sabon faifai, salwantar ajiya kuwa ɓarna ce da kuɗi ba su mayarwa. Faifan da ke gargara, kowace kunnawa da kowace karantawa ana cin ragowar kwanakinsa ne. Saboda haka ba a sake kunna shi sau goma ko Allah zai sa ya kama, ba a sa masa chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai, wanda zai tilasta masa bin gurabe ɗaya bayan ɗaya yana kuma yin rubutu a kansa, balle a kai ga sa sabuwar Windows, wadda za ta bi ta kan tsohuwar ajiya ta taka. Abin da ake yi shi ne a kwafe shi ɗungurungum zuwa wani lafiyayyen faifai mai girmansa ko wanda ya fi shi. Ni da GNU ddrescue nake aiki, saboda hikimar da aka gina shi a kai: yakan fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu ciwo, sai a ƙarshe ya dawo ya lallaɓa su, yana kuma rubuta inda ya tsaya a wani fayil, ta yadda ko wuta ta ɗauke za a ci gaba daga nan. Aikin yakan ci dare guda, yakan kuma ci kwanaki, don haka sai an tanadi sola ko inbata tun kafin a fara. Mai yin sa ya tabbatar, ya kuma sake tabbatarwa, wanne ne faifan da ake kwafowa wanne ne ake zubawa, domin in aka juya su, babu sauran abin ceto. Bayan an gama ne ake neman fayiloli da gyaran tsari, a kan kwafin, ba a kan asalin ba.

Amma idan faifan yana ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko yana kukan gogayya, ko BIOS ta daina ganinsa alhali yana zaune daidai, to allura ce ko injin juyawa ya sami matsala, kuma babu manhajar da za ta yi magani. A kashe shi. Kada a saka shi a firji kamar yadda ake yaɗawa, don danshi zai kwanta a kan farantin. Kada a bubbuga shi. Kada kuma a bari wani ya kwance murfinsa a shago, musamman a irin ƙurar hunturunmu, domin ba a buɗe shi sai a ɗaki na musamman mai tatacciyar iska. Kuɗin wannan aiki yakan zarce kuɗin kwamfutar, kuma haƙƙin mai kaya ne a gaya masa haka ƙarara, shi ya auna darajar abin da ke ciki.

Sababbin kwamfutoci da yawa SSD suke ɗauke da shi, wanda ba shi da faranti ko allura. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, sai dai mutuwarsa takan zo fuju'a, ba ƙara ba sallama, abin da aka goge a kansa kuma da wuya ya dawo. Akwai kuma BitLocker, wanda ke kulle ajiya a kwamfutoci masu yawa ba tare da mai ita ya lura ba. In aka cire faifan aka kai wata na'ura, ba ya buɗuwa sai da mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. A neme shi yau, a rubuta a takarda, tun kwamfuta tana da lafiya. Haka nan mai sayen kwamfuta ta hannu, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, ya sa a buɗe masa manhajar CrystalDiskInfo a gabansa, ya ga awoyin da faifan ya riga ya yi yana aiki, ya kuma ƙi karɓa in alamar ta fito rawaya ko ja. Abin da mutum ba zai jure rasawa ba kuwa, ya kasance yana wuri biyu banda kwamfutar: faifan waje a gida, da ma'ajiyar intanet.

Ga 'yan'uwana masu gyara, abin da aka ajiye a teburinmu wadi'a ce, kuma hukuncin amana yana kanta. Bai halatta mu yi fomatin ba sai mun tambayi mai kaya, "Alhaji, akwai abin da ke ciki wanda ba ka da shi a wani wuri?", mun kuma fahimtar da shi ma'anar amsarsa, domin da yawa suna zaton fomatin wanki ne da ke barin kaya a inda suke. Bai halatta mu leƙa hotuna da wasiƙun mutane ba da sunan gwaji. Sunan fayil da girmansa sun isa, sauran mai shi ya buɗe da hannunsa. Idan an sa sabon faifai an zuba masa kayansa, a goge kwafin da ya rage a wurinmu a gabansa, a kuma miƙa masa tsohon faifan a leda, da kwanan wata a jiki, ya adana shi a wuri busasshe har sai ya bi fayilolinsa ya tabbatar kowanne yana buɗuwa.