Kafin ka kwashi iyali zuwa Akosombo

Ɗana, na ji daɗin niyyar da ka yi ta fitar da iyalinka daga Nima na kwana uku, ku je Akosombo ku ga duwatsu da ruwa. Allah ya yi maka albarka. Kada ka saurari masu cewa yawon shan iska sai wanda kuɗi ya yi wa yawa. Yaron da ya tashi a gidan haya na Nima ko Maamobi, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, maƙwabta ta kowace kusurwa, da ƙarar babura da lasifika tun asuba har dare, yana da haƙƙi a kan ubansa ya kai shi inda zai ɗaga ido ya ga ƙasar Allah ba bango a gabansa. Yawancin yaranmu ba su san wani ruwa ba sai tekun Labadi ranar yawon Sallah, cikin turmutsutsu. Ka yi tunani mai kyau.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kada ka auna wannan tafiya da ƙarfinka. Kai jininka na tafasa, kana iya kwana a kan benci, ka karya da shayi da burodi, ka ce an huta. Ka auna ta da gwiwar Hajiya mahaifiyarka, da autan da ke goye, da maiɗakinka wadda tun da aka kawo ta gidanka ba ta taɓa wayar gari ba ta ɗora tukunya ba. Duk abin da zan faɗa maka daga nan ya taso.

Fara da zaɓen lokaci. Kada ka sa tafiyar a hutun Babbar Sallah. Bayan layya mata suna cikin aikin nama da suya da rabon maƙwabta, a gajiye suke liƙis, ga ziyarce-ziyarcen dangi da ba a tsallakewa. Hutun Ista ya fi tsawo, Juma'a har Litinin, amma a lokacin ne jama'ar Accra ke kwarara waje, wasu Kwahu wasu bakin ruwa, masauki ya yi tsada, kuma damina ta kama hanya, iska na tashi a kan tafkin Volta. Ni dai in ka tambaye ni, Ranar Manoma ta fi, wadda galibi ake yi Juma'ar farko ta watan Disamba. Ruwan sama ya ɗauke, hunturu ya fara leƙowa, zafi ya sassauta wa tsofaffi. Aibinta ɗaya, wata shekarar hazo kan rufe duwatsun, ba a hango nesa sosai. Wannan ba ya cutar da kowa.

Batun kuɗi kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Kada ka ci bashi don hutu, kada ka taɓa jarin shago, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara da za a nema a watan Janairu. Ka shiga susu, wato adashi, tun watanni kafin lokacin, ka ware abin da za ka iya. In ka gama lissafin mota da masauki da abinci, ka ɗora wani abu a kai wanda ba za a taɓa ba sai lalura ta taso, taya ta fashe ko yaro ya kwana da zazzaɓi. Wani ka bar shi a momo, wato asusun kuɗi na waya, wani ka riƙe a aljihu, saboda mai kifi a bakin hanya canji take so a hannu. Kuma ka yanke tun yanzu su wa za su tafi. Mu mutanen zango mun san halinmu: da an ji labarin tafiya, ɗan ƙanwa da 'yar maƙwabta da almajirin gida kowa ya wanke kayansa. Zumunci ne, ba na hana ka. Amma motar mutum goma sha biyar in ka zuba mata ashirin da biyu, tun daga Nima ka fara zaluntar Hajiya. Ka faɗi adadin da wuri, da fuska a sake, wanda bai samu ba ka yi masa alkawarin wata shekara, ka kuma cika.

Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 100 ce. Ko ku bi ta Tema, Afienya, ku wuce duwatsun Shai inda gwaggon biri kan zauna a gefen titi, yara su sha kallo, ku faɗa Kpong. Ko ku bi ta Madina da Dodowa da Somanya, cikin gonakin mangwaro na ƙasar Krobo, ku haɗe a Kpong ɗin. In da hali ku ɗauki shatar mota guda daga direban da ka san halinsa, wanda zai tsaya in tsohuwa ta ce a tsaya. Ku yi sammako bayan sallar asuba. Malamanmu ba sa son mutum ya bar gari ranar Juma'a sai in zai riski jam'i a gaba, to da wuya ka sami gari a Ghana da babu zango da masallaci a cikinsa. Ka tambaya tun kafin ku tashi, ka san inda za ku yi Juma'a. Tazarar ta kai ta ƙasaru a mazhabarmu ta Malikiyya, tunda ta haura kilomita 80, kuma zamanku bai kai kwana huɗu ba. Ka zauna da malaminka ya warware maka hukuncin kafin ranar. Rangwame ne Allah ya yi wa matafiyi, kuma dama ce yaranka su koyi sallar tafiya a aikace, ba a kan allo kaɗai ba. Buta da darduma su shiga mota kafin jakar kowa.

Yanzu ga inda maza da yawa ke kuskure, kuma a nan nake so ka ba ni kunnenka sosai. Sai ka ga magidanci ya ce ya kai iyali hutu, alhali abin da ya yi kawai ya ɗauke murhu daga Nima ya kai shi bakin ruwa. An loda tukwane da gawayi da buhun shinkafa, matar ta sauka daga mota ta ɗaura zani, ta hau yankan albasa. Shi yana can yana ɗaukar hoto da waya, ita tana fifita wuta, tana wanke kwanuka, tana bin yaro kada ya faɗa rami. Ranar Lahadi a dawo, shi ya ce an more, ita kuwa ta ƙara gajiya a kan gajiya. Wannan ba adalci ba ne, ɗana. In za ka rage wani abu don kuɗi ya isa, rage tsadar ɗaki, kada ka rage hutunta. Abincin ranar farko a dafa shi a gida a zuba a kula, waakye da shito da soyayyen nama ba sa lalacewa da wuri. Sauran kwanakin ka saya. Da safe kai ka tashi ka nemo koko da ƙosai ko burodi, ka yi wa yara wanka, ka bar ta ta yi barcin da ta shekara ba ta yi ba. Ba abin kunya ba ne a ga namiji saɓe da ɗansa a kafaɗa matarsa na tafe hannu sake. Kuma kafin ka tsara komai ka tambaye ta me take so ta gani. Wataƙila kai madatsar ruwa ce a ranka, ita kuwa burinta ta zauna a inuwa ta kalli kogi ba wanda ke kiran sunanta.

Abinci ba zai ba ku wahala ba, domin ƙasar kifi ce. A Atimpoku, gab da gadar Adomi, da motarku ta tsaya mata za su kewaye ku da farantai a ka: abolo fari mai laushi naɗe a ganye, da jatan lande soyayye, da 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake saidawa a ƙulle cikin leda, masu ƙaras-ƙaras a baki. Ku saya, ku ci da yaji, ku yi ciniki cikin mutunci. Karfasa gasasshiya ma tana nan ko'ina, tunda ana kiwonta a cikin tafkin. Nama ne kawai za ka yi tambaya a kansa, in ba ka san wanda ya yanka ba ku tsaya a kifi. Masauki kuwa ka kira tun makonni kafin ranar. Ka nemi ɗakin ƙasa saboda Hajiya, garin tudu da gangare ne, matakala za ta wahalar da ita. Ka tambaya ko ɗakin yana kusa da mashaya ko wurin kiɗa, ka nemi na nesa. Ku tafi da gidan sauro, da maganin hawan jininta a jakar hannu ba a ƙasan kaya ba, da katin inshorar lafiya na kowa. Akwai asibitin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, a Akosombo in Allah ya kawo lalura, Allah ya kiyaye.

Sai ruwa. Ka ji tsoron Allah game da yaran nan da ruwa. Tafkin Volta a ido yana kwance lumui, ba igiya irin ta teku, wannan ne ke ruɗin mutane. Yaran Nima ba su iya iyo ba, kai ma ba ka iya ba. Lokacin da aka datse kogi ruwan ya cika, dazuzzuka ya haɗiye da itatuwansu a tsaye, har yau kututturansu na nan a ƙarƙashi, kuma sun sha fasa kwale-kwale, rayuka sun salwanta. Kada ku shiga jirgin da babu rigar ceto ga kowa, har jariri. Kada ku shiga wanda aka cika maƙil. In hadari ya haɗo, ko an biya kuɗi a fasa. Akwai babban jirgin shaƙatawa da ke kai mutane tsibirin Dodi a ƙarshen mako da ranakun hutu. In kuna so ka bincika tun daga Accra ko zai tashi ranar, ka kuma sani wuni guda ne a kan ruwa, da kiɗa, sai ka duba ko ya dace da Hajiya. Wanka a gefen tafki kuwa ka hana gaba ɗaya. Akwai tsargiya a ruwan, ƙananan dodon koɗi ne ke ɗauke da ƙwayar, tana shiga ta fata ba a ji ba, sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini. Duk lokacin da kuka sauka bakin ruwa, ka raba yaran tsakanin manya, kowa ya san wanda ke hannunsa. Inda aka ce kowa na lura, a nan yaro ke sulalewa.

In kun huta, ka kai su su ga madatsar, hukumar VRA na shirya zagayen baƙi da ɗan jagora. Kada ka bari ya zama ɗaukar hoto kawai. Ka gaya musu an fara ginin a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Tulin dutse da ƙasa ne mai tsayin mita 114 da aka toshe kogi da shi tsakanin duwatsu biyu, ruwan da ya taru a baya ya mamaye wajen murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafiya girman tafkunan da hannun ɗan Adam ya tara a duniya. Ka nuna musu manyan wayoyin da suka tsallaka duwatsu, ka ce musu wani kaso na wutar da suke karatu da ita a Nima daga nan ta taso. Mata kuma su san atamfar ATL sunan garin nan take ɗauke da shi. Gadar Adomi mai baka ta girmi madatsar, tun 1957 take tsaye, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai.

Amma akwai abin da ɗan jagora ba lalle ya faɗa ba, kai ya kamata ka faɗa. Mutane wajen 80,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyukansu kafin ruwan ya hau, aka sake musu matsuguni. Gonaki da kasuwanni da maƙabartu suna ƙarƙashin abin da kuke kallo. Mu ma muna da rabo a ciki. Can arewa a kan wannan tafki akwai Kete Krachi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro Hausawa da malamai da yawa sun koma Kete, zangon ya cika ya batse. A can Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har Allah ya karɓi ransa a 1934, kuma almajiransa suka bazu cikin zangunan ƙasar nan. Tsohon garin ruwa ya ci shi, aka gina sabo a kan tudu. Hajiya za ta iya tuna dangin da suka zo Accra daga wajajen can; ka bar ta ta ba jikokinta labarin da bakinta, a gaban ruwan. Ku yi wa magabata addu'a a wurin. Yaron da ya ji wannan ba zai ƙara yarda wani ya ce masa baƙo ne shi a Ghana ba.

Ku kuma kama kanku a garin mutane. Ƙasar Akwamu ce, suna da sarautarsu da al'adunsu. Ku yi gaisuwa, kada a ɗauki hoton masunci ko mai talla sai da izininsa, kada a bar leda a bakin ruwa. Mutanen da ke ƙasan madatsar sun sha wuya: a 2023, da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Mepe da garuruwan kusa. Abin da ku kuka zo kallo, wasu shi ne arzikinsu kuma shi ne jarrabawarsu.

Kada ka cika kwanakin da zirga-zirga. Abu ɗaya da safe, hutu da rana, zama tare da yamma, ya wadatar. Ka ajiye wayar nan, shago ba zai gudu ba. Ranar Lahadi ku taso bayan azahar, ku shigo Accra da sauran rana, don yara na da makaranta Litinin kuma tuƙin dare a hanyar nan ba shi da daɗi. Ku riƙo tsarabar abolo da kifi ga maƙwabtan da suka duba muku ɗaki.

Tun yau da dare ka je ka sami Hajiya, ka zauna ka gaya mata niyyarka, ka nemi izininta da albarkarta kafin ka biya ko sisi. In ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, kada ka matsa mata, ka nemi wanda zai kwana da ita har ku dawo. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.