Darasi: Maƙwabcinmu na Hayin Kogi

Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna lokacin da Kirista da Musulmi suke haya a gida ɗaya a Tudun Wada ko Kawo, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Bayan rikicin shekarar 2000 sai Kaduna ta rabu: akasarin Kiristoci suka koma kudancin kogi, su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi kuwa suka tattara a arewa. Yau muna da samari da 'yan mata da aka yi musu baftisma, suka girma, ba su taɓa shiga gidan Musulmi sun yi gaisuwa ba. Abin da suka sani game da shi, a bakin masu fushi suka ji.

Koyarwar Ikilisiya ba ta da ruɗani a kan wannan. A ranar 28 ga Oktoba, 1965, Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta bayyana cewa Ikilisiya tana ganin Musulmi da daraja. Ta kawo dalilanta: suna bauta wa Allah ɗaya, Mahalicci mai jinƙai, suna girmama Yesu a matsayin annabi, ko da yake ba su yarda shi Allah ne ba, suna girmama Budurwa Maryamu, suna riƙe da salla da sadaka da azumi. Mu lura, takardar ba ta ɓoye bambancin ba. Mu dai Yesu Ubangijinmu ne, girmama maƙwabci kuwa bai rage kome daga wannan ba.

Mun sani wannan magana tana da nauyi ga waɗanda suka binne nasu. Ba mu manta da bam ɗin da aka kai Cocin Santa Rita a Oktoban 2012 ba. Amma ba mai shayin bakin titi ne ya kai shi ba, kuma masu irin wannan aika-aika sun kashe Musulmi masu yawa a masallatai. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya naɗa fadoci a nan Kaduna a 1982, da ya dawo Nijeriya a 1998 ya zauna da shugabannin Musulmi a Abuja, alhali ya san abin da ya faru tsakanin ziyarorin biyu.

To, me ya rage mana? In an tare hanya ranar Juma'a, mu yi haƙuri, domin mu ma muna tare ta ranar Lahadin Dabino. A watan azumi kada mu ci abinci a gaban abokin aiki don tsokana. In aka aiko da naman Salla mu karɓa da godiya, ranar Kirsimeti kuma kwanonmu ya haye gada, da abin da suke iya ci. Katikis da Zumuntar Mata su tattauna wannan a taronsu na wata, iyaye kuma in za su gaida tsohon maƙwabci, su tafi da yaran.