Darasin Kula da Kayan Aiki: Idan Ƙaramar Tarakta Ta Ƙi Tashi

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙaramar tarakta ne mai shan fetur, irin wadda ake tayarwa da makulli da batir. Wata ƙungiyar manoma da muke aiki tare da ita ta tara kuɗi ta sayi sabon batir domin taraktarsu ta ƙi tashi a farkon damina. Ta yi aiki kwana kaɗan, sai ta sāke mutuwa. Da muka je muka duba tare, ashe wata waya ce ta yi tsatsa a bakin fiyus, wuta ba ta komawa batir. Tsohon batirin lafiyarsa ƙalau. Kuɗin ƙungiya ya tafi, gonakin mutum uku kuma suka makara da huɗa. Abin da muke so mu koya shi ne mu gwada kafin mu saya, mu kuma fara da abin da ya fi araha.

Hanyoyin wuta biyu ne

A yawancin ƙananan injuna, kamar na Honda GX da Briggs & Stratton, wutar fulogi ba daga batir take fitowa ba. A jikin injin akwai babban faifan ƙarfe mai juyawa, wanda makanikai ke kira filawil, da maganaɗisu a jikinsa. Duk lokacin da maganaɗisun ya wuce gaban kwayil, sai kwayil ya aika wuta zuwa fulogi. Wannan ita ce hanya ta fari.

Hanya ta biyu ita ce ta caji. A ƙarƙashin filawil akwai wani kwayil dabam, kwayil ɗin caji. Shi yake samar da wutar da take bi ta raktifaya da fiyus ta koma cikin batir. Babban aikin batir shi ne juya sitata.

Saboda haka sabon batir ba zai ba fulogi wuta ba, sabon fulogi kuma ba zai cika batir ba. Akwai wasu tsofaffin injuna na Kohler da kwayil ɗinsu yake shan wuta daga batir, amma ba su da yawa. Masu tarakta mai shan gas kuma su sani ba ta da fulogi, sashen caji ne ya shafe su.

Kafin mu taɓa komai

Mu sa giya a firi, mu taka birki, mu cire makulli. Kada a kusanto batir da taba ko ashana, gama iskar da take fita daga cikinsa tana kama wuta. In za mu kwance batir, mu fara cire waya mai alamar (-), in za mu mayar kuma ita ce ta ƙarshe. Yara su tsaya nesa.

Na ɗaya: an murɗa makulli, injin bai juya ba

Mu fara da kan batir. Farin gari ko kore da yake taruwa a wurin yana tare wuta. Mu kwance wayoyin, mu wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Mu goge, mu ɗaure tam. Mu bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a bodi, mu kankare tsatsa.

Sa'an nan mu gwada da mita. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ne ya rage. Ƙasa da 12, yana bukatar caji. Mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya yana kallon mita. In lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ga batirin da aka riga aka yi wa caji, batirin ya gaji.

In batir yana da kyau amma shiru ake ji, mu duba fiyus. Mu tuna kuma masu ƙera tarakta sukan sa ƙananan makunnai na tsaro a ƙarƙashin kujera, da wurin birki, da wurin sandar da take kunna kayan aiki. In direba bai zauna ba, ko bai taka birki ba, ko an bar sandar a kunne, tarakta ba za ta tashi ba. Kada mu yarda a yanke waɗannan wayoyi a haɗe su kai tsaye. Domin kare ƙafa da hannu aka sa su.

Na biyu: injin yana juyawa, amma bai kama ba

Bayan mun tabbata akwai fetur kuma famfonsa a buɗe yake, sai mu duba baƙin mai. Injunan Honda da yawa suna da abin da yake yanke wutar fulogi in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in tarakta ta tsaya a karkace.

Mu kwance fulogi, mu mayar da shi cikin hularsa, mu jingina ƙarfensa a jikin injin nesa da ramin fulogi da kuma fetur. Mu riƙe ta wajen robar, a juya injin. Ya kamata mu ga tartsatsi mai ƙarfi. Gara a yi wannan a inuwa domin a gani sosai. In babu, mu gwada wani fulogi da muka san yana aiki. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

In har yanzu babu wuta, kada mu yi saurin sayen kwayil. Akwai siririyar waya ɗaya da ta fito daga jikin kwayil zuwa makulli. Aikinta kashe injin: idan aka mayar da makulli, tana haɗa kwayil da bodi, wuta ta ɗauke. In ɓera ya ci wayar ko ta goge ta taɓa ƙarfe, injin yana nan kamar an kashe shi. Mu zare wannan waya daga kwayil mu sāke gwadawa. In tartsatsi ya fito, kwayil lafiya yake, laifin yana wajen wayar, ko makulli, ko makunnan tsaro. In bai fito ba, mu duba tazarar kwayil da maganaɗisu, wadda take kusan milimita 0.3, kamar kaurin siririn kati. In wannan ma daidai ne, to, kwayil ya mutu. Mu mayar da siririyar wayar kafin mu tayar da injin, in ba haka ba makulli ba zai kashe shi ba. Kada kuma a taɓa haɗa ta da wutar batir, nan take kwayil zai ƙone.

Na uku: batir yana mutuwa bayan kwana kaɗan

Mu tayar da injin, mu ba shi wuta sosai, mu ɗora mita a kan batir. In caji yana shiga, za mu ga wajen volt 13.5 zuwa 14.5. In lambar ta tsaya inda take kafin a tayar, caji ba ya shiga. In ta wuce 15, caji ya yi yawa, zai ƙone ruwan batir.

In caji ba ya shiga, mu bi waya daga raktifaya zuwa fiyus, zuwa makulli, zuwa batir, muna neman tsatsa ko wurin da ya kwance. Jikin raktifaya dole ya manne da ƙarfe mai tsabta. Daga nan sai a gwada wayoyi biyu na kwayil ɗin caji, da mita a kan AC. A injunan Kohler masu raktifaya, ana neman volt 28 ko fiye in injin yana cikakken gudu. Kowane injin yana da nasa ma'auni a littafinsa. In kwayil yana ba da wuta amma ba ta isa batir, raktifaya ne. In ba ya bayarwa, sai a kira makaniki, domin sai an cire filawil.

Akwai gwajin da aka saba yi a bakin hanya, wato a cire kan batir injin yana aiki a ga ko zai mutu. Kada mu yarda da shi. Yana iya ƙona raktifaya, kuma ba ya nuna gaskiya, tun da fulogi ba daga batir yake shan wuta ba. Haɗa batir a juye, (+) a wurin (-), shi ma yana ƙona raktifaya.

Shawara ga ƙungiya

Ƙungiya ta sayi mita ɗaya, da fulogi da fiyus na ajiya. A zaɓi mutum biyu, mace ko namiji, su koyi gwaji. A ajiye littafi a riƙa rubuta ranar da aka duba da lambar da mita ta nuna. Batirin da ake zuba wa ruwa, ruwan batir kaɗai za a ƙara masa, ban da na rijiya. Da rani, in tarakta za ta daɗe a ajiye, a cire wayar (-), a riƙa yi wa batir caji sau ɗaya a wata. A gwada komai tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu muka taɓa saya wa injinmu, daga baya muka gane ba shi ne ya lalace ba?
2. Wa yake da izinin fitar da kuɗin gyara, kuma wane gwaji za mu nema kafin a fitar?
3. Su wane ne mutum biyu da za mu zaɓa su riƙe mita da littafin?