DARASI NA 9: MUTUNCI SHI NE TUSHEN HORO

Karatu: Farawa 39:1-23, Afisawa 6:1-4
Ayar haddacewa: 1 Timoti 4:12

Gabatarwa

Tun shekara ta 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama babban birni. A 2008 kuma aka kafa jami'ar jiha a cikinta. Saboda haka samari da 'yan mata suna ta zuwa daga Zing da Bali da Karim Lamido da Wukari, waɗansu neman ilmi, waɗansu neman abin sawa a baki. A gida idon uba yana bisansu, da na kawu, da na dattawan ikilisiya. A birni kuwa ba mai dubansu. To, mene ne zai tsare yaro sa'ad da idon da yake tsoro ya yi nisa?

1. Saurayin da ba mai dubansa

Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Ya sauka Masar bawa, ba uba, ba dangi, ba mai jin harshensa. Ranar da matar Fotifar ta kama rigarsa, ba kowa daga mutanen gidan a ciki. Mu lura da wannan ƙwarai. Ba bulala a wurin, ba shaida. Ya tuna abu biyu: ubangidansa ya danƙa masa amanar dukan abin da yake da shi, kuma laifin nan a gaban Allah za a yi shi. An tuɓe masa riga sau biyu, a bakin rami da cikin gidan Fotifar, amma ba wanda ya iya tuɓe masa sanin ko shi wane ne. Shekara 13 ya yi tsakanin bauta da kurkuku kafin ya tsaya gaban Fir'auna yana ɗan shekara 30.

2. Ma'anar mutunci

Kalmar nan mutunci daga mutum ta fito. Mai mutunci shi ne wanda ya san darajar da Mahaliccinsa ya ba shi, gama cikin siffar Allah aka yi shi (Farawa 1:27). Kada mu haɗa shi da girman kai. Mai girman kai yana raina waɗansu domin a ga tsawonsa. Mai mutunci yana ƙin abin kunya ko ba wanda zai ji labari. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Wanda ya san madara ke cikin ƙwaryarsa, ba sai an ce masa ya taka a hankali ba.

3. Abin da wani malami ya gane

A birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan akwai wani malamin makarantar Lahadi, sunansa William Alexander Smith, wanda yaran ajinsa suka gagare shi. Shi kuwa hafsa ne cikin sojan sa kai, ya ga yadda manya suke bin umarni da murna a fagen fareti. A 1883 ya kafa Boys' Brigade. Ya ba yaran hula da ɗamara, ya naɗa waɗansu shugabannin 'yan'uwansu, ya sa su ji ana dogara gare su. Cikin manufar ƙungiyar an jera horo da mutunta kai kafaɗa da kafaɗa. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1908, ga ta kuwa har yau cikin ikilisiyoyinmu. Hular ba ta da wani iko. Abin da ya gyara yaran shi ne, an ɗauke su mutane, suka ji nauyin kunyata kansu.

4. Aikinmu

Yau jarabobin suna da yawa: ƙwayar tiramol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018, da satar amsa, da bangar siyasa. Doka tana iya hana sayarwa, amma ba ta iya hana marmari. Yaron da aka yi ta kira jaki da ɗan banza tun yana goye, in ya girma sai ya gaskata, ya sayar da kansa da araha. Shi ya sa Manzo Bulus, bayan ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, nan da nan ya juya wurin ubanni ya gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu.

Wannan ba ya nufin a bar tsautawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara ba ya karyawa. Ya ku iyaye da dattawa, ku tsauta wa laifi, kada ku zagi asalin yaro. Ku ja shi gefe, kada ku tozarta shi gaban tsaransa. Ku ba shi amana daidai ƙarfinsa, ko kuɗin cefane ne, ko mabuɗin ɗakin sujada, sa'an nan ku tambayi lissafi. In kuwa ku ne kuka yi kuskure, ku amsa a gabansa.

Tambayoyi

1. Me ya hana Yusufu faɗuwa ran da ba kowa a gida?
2. Ina bambanci tsakanin mutunci da girman kai?
3. Waɗanne sunaye muke kiran yaranmu da su sa'ad da muka yi fushi?
4. Wace amana ikilisiyarmu za ta iya danƙa wa matasa cikin watan nan?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu daga zubar da mutuncin 'ya'yanmu. Ka koya musu darajarsu a gabanka, domin su tsaya da aminci inda idonmu ba ya kaiwa. Amin.