Bikin Su na Argungu

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Gummi, yamma yake gangarawa har ya haɗu da Gulbin Kabi. Wanda ya bi Gulbin Kabi ya yi arewa, sai ya iske Argungu, garin Sarkin Kabi. A nan ne ake yin bikin su wanda ya yi suna a duniya.

Asalin bikin zumunci ne. Kabawa da Sakkwatawa sun daɗe suna gaba, tun zamanin jihadi. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sai Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta, suka yi su don girmama babban baƙo. Daga nan abin ya zama al'ada.

Da rani ake yinsa, wajen Fabrairu ko Maris, kwana huɗu. Akan yi kokawa da dambe da kaɗe-kaɗe. Akan yi kabanci kuma, watau wasannin ruwa, kamar tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa. Amma ranar ƙarshe ita ce ranar kallo. Dubban masunta sukan jeru nesa kaɗan da kogin Matan Fada, kowa da homarsa da goransa. Da an buga bindiga, sai su ruga a guje su faɗa ruwa, ƙura ta tashi, makaɗa na cikin jirage suna zuga su. Bayan sa'a guda a fito, a auna. Wanda kifinsa ya fi nauyi shi ne gwani. A 2005 an kama wanda ya kai kilo 75, ya fi wani babban mutum nauyi!

To, ina ribar gari? Baƙo ba ya zuwa da ɗakinsa, ba ya zuwa da murhunsa. Saboda haka mai masauki ya samu, mai tuwon shinkafa ta samu, haka mahauta da masu mota da maroƙa. Kifi ma yana da rabonsa, gama akan hana su a wurin sai lokacin biki, ya sami sararin girma da hayayyafa.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A lokacin kuwa an yi shekaru ba a yi shi ba. Tun bayan na 2009 masunta suka yi ta jira, sai a watan Maris na 2020 suka sake jin ƙarar bindiga a bakin Matan Fada.