Ɗorin Ƙarfe a Karayar Ƙashin Cinya: Aikin da Ma'anar Sunansa a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin aikin tiyatar da ake ɗaure karyayyen ƙashin cinya da fallen ƙarfe da ƙusoshi, ta bibiyi tarihinsa da matakansa, sannan ta auna kalmomin da Hausawa ke kiransa da su. An gano cewa kalmar “ƙarfe” tana sa majinyaci ya ɗauka ƙarfen ya maye gurbin ƙashi, alhali aikinsa riƙewa ne kawai, kamar karan maɗori.

1.0 Gabatarwa

Ɗori tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma galibi gadonta ake yi. Maɗori yakan ja gaɓar da ta karye, ya daidaita ƙashi, ya jera karare, ya ɗaure. Sai dai yawaitar haɗurran babura da motoci ta kawo karayar da ta fi ƙarfin kara, musamman ta cinya. Irin waɗannan majinyata ne ake kaiwa asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, daga baya a ji dangi na cewa “an sa masa ƙarfe”. Abin da wannan jimla ta ƙunsa, da abin da ta ɓoye, shi ne batun wannan nazari.

2.0 Ƙashin Cinya da Karayarsa

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma manyan tsokoki sun kewaye shi. Idan ya karye, tsokokin nan sukan janyo ɓangarorin biyu su hau juna, ƙafa ta gajarce ta juya waje. Majinyaci na iya zubar da jinin da ya kai lita 1 zuwa 1.5 a cikin cinyar, ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Kara da ke bisa fata ba ya iya rinjayar wannan ja, domin tsoka mai kauri ta shiga tsakaninsa da ƙashi. Idan kuwa aka tsananta ɗauri don a cike giɓin, jini na iya daina gudana, ƙafa ta ruɓe. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci suka nemi hanyar kai abin riƙewar jikin ƙashin kansa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1886 wani likita a birnin Hambug na Jamus, Carl Hansmann, ya bayyana ɗaure karaya da fallen ƙarfe. Ƙarafan farko sun yi fama da tsatsa da ruɓewar rauni. A 1949 Robert Danis na Beljiyam ya wallafa aikinsa kan fallen da ke matse bakunan karaya da juna. Ƙungiyar AO, wadda Maurice Müller da abokan aikinsa suka kafa a Suwizalan a 1958, ita ta tsara ƙa'idojin da ake bi har yau: mayar da ƙashi mazauninsa, riƙe shi da kyau, kiyaye jinin da ke ciyar da shi, da motsa gaɓa da wuri.

4.0 Yadda Ake Aikin

Bayan an ɗauki hoton ƙashi kuma an tanadi jini, akan sa majinyaci barci ko a kashe ƙasan jikinsa da allura ta gadon baya. Likita yakan tsaga gefen cinya na waje, ya ɗaga tsoka, ya daidaita karayar, ya shimfiɗa falle mai jerin huji a jikin ƙashi. Fallen na ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa, ko na taitaniyam. Daga nan sai a huda ƙashi a murɗa ƙusoshi masu zare. A tsakiyar cinyar babba, akan so aƙalla huɗu sama da karayar, huɗu ƙasa da ita.

Salon ɗorin iri biyu ne. Idan karayar gida biyu ce, akan matse bakunan har su haɗe ba tare da ƙullutu ba. Idan ƙashin ya farfashe, akan tsallake wurin da fallen kamar gada, a bar gutsattsarin da jininsu, sabon ƙashi ya taso ya game su.

A yau, karayar tsakiyar cinya a jikin babba an fi yi mata sandar da ake zurawa cikin ɓargo, dabarar da Gerhard Küntscher ya fito da ita a Jamus wajen 1940. Falle ya fi dacewa da karayar da ke kusa da gwiwa, da ta wasu yara waɗanda ƙashinsu bai gama girma ba, da wadda ta auku kusa da gaɓar da aka riga aka dasa.

5.0 “Ƙarfe” da Abin da Kalmar ke Haifarwa

Kalmar “ƙarfe” ta haɗe falle da sandar ɓargo a suna ɗaya, alhali hukuncinsu ya bambanta. Sanda tana tsakiyar ƙashi, tana raba nauyi da shi, don haka sau da yawa akan bar mai ita ya taka da wuri. Falle yana gefe, kuma duk takun da aka yi kafin ƙashi ya haɗe, shi ke ɗaukar nauyin. Haɗewar takan ɗauki wata 3 zuwa 6. Ƙarfen da ake ta lanƙwasawa kuwa, ko maƙeri ya san ƙarshensa karyewa ne. Majinyacin da ya ji zafi ya tafi, ya ga maƙwabcinsa mai “ƙarfe” yana tafiya, ya jefar da sandunan dogarawa, yana iya karya fallen ya koma tiyata ta biyu da sabon kashe kuɗi.

Fassara sunan da “faranti” ma ba ta wadatar ba, domin Bahaushe abin zuba abinci yake ganewa da ita. Maƙalar na ganin “karan ɗori na ƙarfe” ya fi dacewa, saboda duk wanda ya san ɗori ya san kara ba ya warkarwa, kuma ba a taka ƙafa sai maɗori ya ba da izini.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa ɗorin falle da ɗorin gargajiya sun haɗu a manufa, wato a daidaita ƙashi a riƙe shi har ya haɗe da kansa, sun rabu a wurin da ake sa abin riƙewar. Ya kamata masana Hausa da likitocin ƙashi su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi, domin da su ne ake yi wa majinyaci bayani ranar da za a sallame shi.